Haɗa Karatun Addini da Koyon Turanci a Makarantun Islamiyya: Misali daga Narayi

Wannan takarda za ta duba wata matsala da malaman Islamiyya ke fama da ita a unguwanni irin su Narayi, a kudancin kogin Kaduna, inda ƙabilu suka cakuɗu har yaro Musulmi yakan ji Hausa a gida, Turanci a titi, Larabci kuma gaban malam. Iyaye suna son ɗansu ya sauke Alƙur'ani, suna kuma tsoron a bar shi a baya a boko.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na unguwarsu, Turanci ya biyo baya. A ganina makarantar allo ta riga ta share wannan hanya. Yaron da ya yi babbaƙu da farfaru ya san yadda ake haɗa baƙi da wasali a fitar da gaɓa. Kamata ya yi malami ya ɗora rubutun Hausa na boko a kan wannan sani, tunda kusan yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta, sa'an nan ya shiga Turanci, wanda haruffan wasalinsa biyar ne amma sautukansu sun kusa ashirin. Nan ne yara suka fi tuntuɓe.

Littafin karatun Turanci kuwa ana iya cika shi da ƙissoshin annabawa da ladubban cin abinci, waɗanda yaro ya riga ya ji da Hausa. Amma tilawa a bar ta da Larabci, a kuma ware mata lokacinta dabam, domin hannun da ke koyon rubutu daga dama zuwa hagu yakan rikice idan aka juya shi a darasi guda.