Jinyar Tabon Firgici ta Hanyar Motsa Idanu da Matsayinta a Wajen Farfaɗo da Masu Shaye-shaye

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai shaye-shaye ya san cewa daina sha daban, ɗorewa a kan dainawar kuma daban. Mutum yakan kwanta asibiti a yi masa magani har jikinsa ya saki giya ko ƙwaya, a sallame shi, amma bayan wata biyu ko uku sai a ga ya koma gidan jiya. Dalilan komawar suna da yawa: tsofaffin abokai, zaman kashe wando, da ƙyamar da jama'a ke nuna masa. Sai dai akwai wani dalili da ba a faye ganinsa da ido ba, wato wata masifa da ta taɓa auka wa mutumin, wadda har yanzu ba ta bar zuciyarsa ta huta ba.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan wata hanyar jinya da ake kira EMDR, wadda aka ƙirƙiro a Amurka domin magance irin wannan tabo. Za a duba asalinta, da yadda ake gudanar da ita, da kuma abin da bincike ya nuna game da amfaninta ga masu shaye-shaye.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Akwai kalmomi uku da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Ta farko ita ce "tabon firgici". An zaɓi kalmar "tabo" ne saboda tana nuna abin da ya saura bayan rauni. Ana nufin halin da mutum ke shiga bayan ya tsallake rijiya da baya, ko an yi masa fyaɗe, ko ya ga an kashe wani a gabansa, sannan fiye da wata guda abin yana dawo masa cikin mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa. Mai wannan ciwo yakan guji duk abin da zai tuna masa da lamarin, yakan zabura da ƙaramin motsi, barci kuma yakan gagare shi. A shekarar 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta na cututtuka.

Kalma ta biyu ita ce "jaraba", wato matakin da mutum ya san abin da yake sha yana cutar da shi amma ya kasa bari. Ta uku ita ce "marmari", wato matsananciyar sha'awar da ke taso wa wanda ya daina, musamman idan ya ji ƙamshin abin ko ya bi ta inda ya saba saye. EMDR kuwa haruffan farko ne na sunan jinyar da Ingilishi, ma'anarsa dusashe zafin tunani da sake daidaita shi ta hanyar motsa idanu.

3.0 Dangantakar Tabon Firgici da Shaye-shaye

Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar 1985 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Edward Khantzian, ya kawo ra'ayin cewa da yawa daga masu jaraba suna sha ne don su yi wa kansu maganin wani raɗaɗi da ke cikin zuciya. Wanda mugun mafarki ke hana shi barci yakan gano cewa giya ko ƙwaya na kwantar da shi. Da farko abin yakan yi masa kamar magani. Daga baya jiki ya saba, sai ya ƙara adadi, idan ya tsaya kuma tsohon firgicin ya dawo da ƙarfi fiye da na da.

A shekarar 1998 Vincent Felitti da Robert Anda da abokan aikinsu suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a birnin San Diyego a kan mutum 9,508. An tambaye su irin wahalhalun da suka sha suna yara, kamar duka mai tsanani, da cin zarafi ta hanyar lalata, da tashi a gidan da ake dukan uwa. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye, an tarar haɗarin faɗawarsu cikin jarabar giya, da ta ƙwaya, da baƙin ciki mai tsanani, da yunƙurin kashe kai, ya ninka na waɗanda ba su haɗu da ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12. Wannan ba ya nufin kowane mai shaye-shaye yana da tabon firgici. Abin da yake nunawa shi ne, wajibi ne mai jinya ya bincika.

4.0 Asalin Jinyar

Wata Ba'amurkiya mai nazarin halayyar ɗan Adam, Francine Shapiro, ita ce ta ƙirƙiro wannan hanya. Ta ba da labarin cewa a shekarar 1987 tana yawo a wani lambun shaƙatawa, wasu tunane-tunane na damun ta, sai ta lura idan idanunta suka yi ta kai-komo da sauri, zafin tunanin yana raguwa. Ta gwada abin a kan wasu mutane, sannan a 1989 ta buga bincikenta na farko a kan mutum 22, cikinsu har da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe. A 1995 ta fitar da littafin da ya tsara matakan jinyar. Ta rasu a 2019.

Da farko masana da yawa sun ɗauki abin da wasa, ganin cewa ya yi kama da siddabaru. Amma da gwaje-gwaje suka yawaita, sai hukumomi suka fara karɓarsa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya EMDR cikin hanyoyin da ta ba da shawarar a bi wajen jinyar tabon firgici ga manya da yara.

5.0 Yadda Ake Gudanar da Ita

Jinyar tana da matakai takwas, kuma kowane zama yakan ɗauki minti 60 zuwa 90. Don sauƙin fahimta, mu ɗauki misalin wani direba da ya yi haɗari fasinjojinsa suka mutu, tun daga nan kuma ba ya iya barci sai ya sha ƙwaya.

A mataki na farko mai jinya zai ɗauki tarihinsa, su tantance abubuwan da za a tunkara. A na biyu zai shirya shi, ya koya masa dabarun kwantar da hankali, kamar sarrafa numfashi da kawo hoton wani wuri da yake jin aminci a cikinsa. A na uku direban zai zaɓi hoton da ya fi ci masa rai a cikin haɗarin, da mugun zaton da yake yi wa kansa, misali "ni na kashe su", da kuma maganar da zai so ya gaskata a madadinsa, misali "na yi iyakar ƙoƙarina". Zai auna zafin da yake ji daga 0 zuwa 10, ya kuma auna yadda ya yarda da kyakkyawar maganar daga 1 zuwa 7.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar aikin. Mai jinya zai ce masa: "Malam, riƙe hoton nan a ranka, ka bi yatsuna da idanunka, kada ka juya kai." Sai ya dinga kai yatsunsa dama da hagu kimanin rabin minti, ya tsaya, ya ce: "Ja numfashi. Me ya zo maka yanzu?" Duk abin da ya zo, ko hoto ne, ko tunani, ko wani nauyi a ƙirji, a kansa za a ci gaba. Haka za a yi ta maimaitawa har awon zafin ya sauko zuwa 0 ko kusa da haka. Wanda motsa ido ke wahalar da shi, akan yi amfani da ɗan bugu a hannun dama da na hagu bi da bi, ko sauti a kunnuwa.

A mataki na biyar akan ƙarfafa kyakkyawar maganar. A na shida majinyaci zai bi jikinsa da tunani daga kai zuwa ƙafa ko akwai sauran inda ya ɗaure. A na bakwai akan rufe zama, a tabbata ya natsu kafin ya fita. A na takwas, wato farkon zama na gaba, akan duba ko sauƙin ya ɗore.

Abin lura a nan shi ne, jinyar ba ta goge abin da ya faru daga ƙwaƙwalwa. Direban zai ci gaba da tuna haɗarin, amma a matsayin abin da ya wuce. Haka kuma ba dole ne ya zayyana labarin dalla-dalla ba, wanda hakan sauƙi ne babba ga wanda kunya ta rufe wa baki.

6.0 Mene ne Aikin Idanu a Ciki?

Masana sun yi saɓani a kan wannan tambaya. Wani nazari da Davidson da Parker suka yi a 2001, wanda ya tattara gwaje-gwajen da suka gabata, ya nuna cewa motsin idon bai ƙara komai ba, tunkarar tunanin ce ke yin aikin. Wani kuma na Lee da Cuijpers a 2013 ya nuna yana ƙara wani abu.

Bayanin da ya fi samun goyon baya shi ne wanda masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka yi aiki a kansa. Ƙwaƙwalwa tana da wata ƴar ma'ajiya ta wucin gadi inda take riƙe abin da take aiki a kansa a wannan lokaci, kuma ma'ajiyar ba ta da faɗi. Idan mutum yana riƙe da mugun hoto, kuma a lokaci guda yana bin yatsa da ido, ayyukan biyu za su yi ta gasar wuri. Saboda haka hoton zai dusashe, zafinsa ya ragu, kuma a wannan dusasshiyar kamar ce zai koma ma'ajiya ta dindindin.

7.0 Abin da Bincike Ya Nuna Game da Masu Shaye-shaye

Ta fuska biyu ake amfani da EMDR a nan, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Fuska ta farko ita ce a yi jinyar tabon firgicin da ke tare da jarabar. Ta biyu ita ce a tunkari jarabar kai tsaye, wato a sa majinyaci ya riƙe hoton lokacin da marmari ya taso masa ko ranar da ya koma sha, yana motsa idanu.

Game da fuska ta farko, an daɗe ana tsoron cewa taɓo tsohon ciwo zai tura mutum ya ƙara sha, don haka akan ce sai ya daɗe da dainawa tukuna. Wani gwaji da aka buga a 2012, wanda Katherine Mills ta jagoranta a Ostareliya a kan mutum 103, ya rage wannan tsoro. Ba EMDR aka yi amfani da ita ba, wata hanya ce ta tunkarar tunani, amma tabon firgicin ya ragu kuma shaye-shayen bai ƙaru ba. A Faransa kuma, a 2014, Perez-Dandieu da Tapia sun gwada EMDR ɗin kanta a kan mutum 12 masu matsalolin biyu. Waɗanda aka yi wa zama takwas sun sami sauƙin tabon firgici, amma jarabar ba ta ragu a fili ba.

Game da fuska ta biyu, a 2008 Michael Hase da abokan aikinsa a Jamus sun raba masu jarabar giya 34 gida biyu, aka ƙara wa gida ɗaya zama biyu na EMDR. Marmarin waɗannan ya ragu, kuma har bayan wata guda raguwar tana nan. Wannan ya sa mutane suka sa rai ƙwarai. To amma wani gwaji mafi girma da Wiebren Markus ya jagoranta a Holan, wanda aka buga a 2020, ya duba mutum 109, aka tsara wa rabinsu zama bakwai a kan jinyar da aka saba, kuma ba a ga wani bambanci a yawan shansu ba.

A taƙaice, hujjar cewa EMDR na rage tabon firgici tana da ƙarfi. Hujjar cewa ita kaɗai tana raba mutum da jaraba kuwa ba ta da ƙarfi. Liƙe tsagar bango ba ya fitar da ƙadangaren da ya riga ya shiga.

8.0 Matsayinta a Cikin Jinya

Saboda haka EMDR sashe ne na jinya, ba ta maye gurbin sauran sassa. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, idan ya tsaya farat ɗaya zai iya yin jijjiga irin ta farfaɗiya har ta kai ga rasa rai, don haka yana buƙatar kulawar likita. Mai jarabar hodar iblis, ko tabar wiwi, ko ƙwayoyin dangin ofiyom, kowanne da irin kulawar da ta dace da shi, kuma na ƙarshen akwai magunguna irin su metadon da ke taimaka masa. Sannan ga buƙatar shawara, da goyon bayan iyali, da sana'a.

Bugu da ƙari, ba a yin zaman EMDR da mutum yana cikin maye, kuma ba kowa ne zai ɗaga yatsa ya ce yana yi ba, sai wanda ya sami horo. Tsakanin zama da zama tsofaffin tunane-tunane kan taso, marmari ya biyo bayansu. Shi ya sa mataki na biyu, wato shiri, yake da muhimmanci na musamman ga mai shaye-shaye: kafin a buɗe ciwon, dole ne ya kasance yana da abin da zai jingina da shi wanda ba kwalba ko ƙwaya ba.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa EMDR hanya ce mai matakai takwas da aka ƙirƙiro don jinyar tabon firgici, kuma ta shigo fagen farfaɗo da masu shaye-shaye ne saboda sau da yawa ciwukan biyu tare suke tafiya. Wanda ke tallata ta a matsayin maganin jaraba ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba. Haka kuma cibiyar da ta raba mutum da ƙwaya ta sallame shi ba tare da ta tambayi abin da ke hana shi barci ba, ta bar aiki a rabi. Tambayar da ta kamaci mai jinya ba ta tsaya ga "me kake sha?" ba. Akwai ta biyu da ke biye da ita: "me ya same ka?"