Gaiwa Ta Iya Jiran Ruwa, Giwa Sai Ta Yi Tafiya

Duk wanda ya leƙa kasuwar kifi ta Baga Road a Maiduguri zai ga tarwaɗa ce ta cika kwalayen banda. Abin yana da dalili. A shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, sai farin 1973 da na 1984 suka tsotse shi, har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Kifayen da ke son ruwa mai zurfi, irin giwan ruwa, suka ragu. Tarwaɗa kuwa, da yake tana iya shaƙar iska kai tsaye, ko a jikinta; cikin fadama da taɓo ta ci gaba da hayayyafa.

Gaiwa ma ta fi ta dabara. Da kududdufi ya soma ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama mata riga, ta bar 'yar kafar numfashi. Haka za ta yi watanni, ba ci ba sha, har ruwan farko ya jiƙa ƙasa.

Giwa ba ta da wannan baiwa, ƙafa ce jarinta. Fari da madatsar Maga da aka gina a 1979 sun rage ambaliyar da ke shayar da gandun Waza na Kamaru, giwaye suka riƙa nisan kiwo. A Disamban 2019 an hango garke mai kusan 250 a kusa da Rann da ke yankin Kala-Balge. Rikicin da ya kori mutane daga ƙauyuka shi ma ya buɗe musu hanya, ba yanayi kaɗai ba.

To, dabbar da ba ta da wurin gudu fa? Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye gidan namun daji na Sanda Kyarimi da ke Maiduguri. Hukumarsa ta ce sama da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu. Kadoji da macizai ruwa ya kwashe su zuwa cikin unguwanni.

Manomin Kala-Balge da giwa ta tattake wa gona yana da gaskiya idan ya koka. A biya shi diyya a kan kari, a kuma bar wa garken hanyarsa ta zuwa ruwa.