Tsakanin Littafin Shari'a da Tabarmar Zance

'Yar'uwa, ranar da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun lauya, har guɗa aka yi a gidanmu. Umma ta sa tela ya ɗinka min baƙaƙen siket da fararen riguna, don kin san shigar ɗaliban shari'a ke nan, fari da baƙi kamar hankaka. Tun ban taka aji ba yaran unguwa suka laƙaba min Barista. Ni kuwa sai fankama nake, ban san abin da ke gabana ba.

Karatun nan ba irin na sakandare ba ne da za ki haddace daren jarrabawa ki juye. Akwai wata shari'a ta 1932 da malaminmu ya ba mu, ta wata mata a Sikotilan da ta sha lemon citta ta tarar da ruɓaɓɓen dodon-koɗi a kwalbar. Labarin ya ba ni dariya, na riƙe shi tsaf. Ashe ba labarin ake nema ba, dalilin da alƙalai suka ɗora hukuncinsu a kai ake so ki zaƙulo, wato mai yin kaya wajibi ne ya kiyaye kada ya cutar da wanda zai yi amfani da su. Wannan sai kin zauna kin maimaita shafi har sau uku, kuma zaman ne ba ni da shi.

In na dawo da la'asar ga girkin dare, ga wanke-wanke. Bayan isha'i kuma mutumin nawa ya yi sallama, sai ƙarfe goma zai tashi. Asabar da Lahadi kuwa ba a magana, kamu ne, wuni ne, anko ne. Gwajin farko maki 7 na ci cikin 30. A banɗaki na ɓuya na yi kukana.

Daren nan na fito zance da takardar a hannuna na miƙa masa. Na ce, "Yaya, shekara biyar ce a jami'a, sannan shekara ɗaya a makarantar lauyoyi, in na yi sa'a a bar ni a Bagauda, ga bautar ƙasa. Da irin wannan makin ko ajin gaba ba zan gani ba."

Ya yi shiru ya ce, "To korata kike yi?"

Wallahi gabana ya faɗi, don ina son sa. Na dai daure na ce Juma'a kaɗai zai riƙa zuwa. Ya saɓa babbar rigarsa ya tafi, ko sallama babu.

Umma ce ta ba ni mamaki. Da na faɗa mata sai ta ce, "Ke da bakinki ba ki taɓa cewa aikin ya yi miki yawa ba." Ta mayar wa ƙanwata girkin Litinin zuwa Alhamis. Biki kuma na rage, sai na dangi na jini, har wata ƙawata ta daina gaishe ni.

Sati biyu ban ji ɗuriyarsa ba. Ran Juma'a ta uku ina tsaka da karatu yaro ya shigo ya ce ana sallama da Barista. Na sa tsinke a shafin da nake, na ɗauki mayafina.