Yadda Masu Zanen Turai Suka Ba Bango Zurfi

A watan Satumba na 1940, sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya durƙusar da Faransa, wasu samari huɗu da ke yawo a dajin da ke kusa da garin Montignac suka kutsa cikin wani rami, da suka ɗaga fitila sai ga bangon kogo cike da siffofin shanu da dawaki da bareyi, an zana su da jar ƙasa da baƙin ma'adini, har akwai bijimin da tsawonsa ya haura mita 5. Wannan shi ne kogon Lascaux, wanda masana suka ƙiyasta shekarun zanensa da kimanin 17,000. Duk wanda ya dubi waɗannan dabbobi zai shaida cewa mai zanen ya san naman daji sanin mafarauci, amma babu ƙasa a ƙarƙashin kofatansu, babu kuma abin da ke nuna wanne ne kusa, wanne ne nesa. A ganina, mafi yawan tarihin zanen Turawa labarin wannan mas'ala ce guda: ta yaya shafaffen bango zai nuna wa ido zurfin da ba shi da shi?

Yunanawa sun fi shahara da sassaƙar farin dutse, inda suka auna gaɓoɓin ɗan Adam da lissafi, kuma galibin zanensu na launi ya salwanta. Abin da ya tsira na Rumawa, mafi yawansa a Pompeii yake, garin da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, kuma a bangayensa ana ganin ƙoƙarin nuna nisa, sai dai da kintace aka yi shi. Da addinin Nasara ya kafu sai maƙasudi ya sauya: aka riƙa shafe bayan zane da ruwan zinariya, ana kuma ba mutum girma a hoto gwargwadon darajarsa a coci, komai nisan inda yake tsaye. Mai karatu da ya san saɓanin malamanmu a kan hukuncin taswira zai so ya ji cewa su ma Rumawan Kustantiniyya sun yi wannan jayayya, tun daga wajen 726, sarakuna suna sa a farfasa hotuna don tsoron bautar gumaka, ba a kuwa rufe maganar ba sai 843, da masu halatta su suka rinjaya.

Makullin mas'alar nuna zurfi daga Gabas ya taho. Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya zauna a Alkahira, ya wallafa Kitabul Manazir, inda ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido a kan miƙaƙƙen layi, saɓanin ra'ayin Iƙlidis da Batlimus da suka ce ido ne ke fitar da haske. An fassara littafin zuwa Latin wajen 1200, daga baya zuwa Italiyanci, har masassaƙin nan Lorenzo Ghiberti na birnin Florence ya kwafi dogayen sassa daga cikinsa a nasa littafin. Adalci dai shi ne a ce ɗan Haisam bai yi zane ba, bai kuma yi nufin koya wa kowa zane ba. Mutanen Florence ne suka ɗauki ilminsa suka mai da shi sana'a.

Wajen 1420 wani magini mai suna Filippo Brunelleschi ya zana ɗakin baftisma na birnin a kan ƙaramin allo, ya huda rami a tsakiyarsa, ya sa mai kallo ya leƙa ta bayan allon yana riƙe da madubi a gabansa, ta yadda idan ya kawar da madubin zai ga ginin na haƙiƙa, idan ya mayar zai ga zanen, layukansu kuwa suna faɗawa wuri ɗaya. Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa tsayawa a kan layin dogo ya ga ƙarafan biyu suna matsowa har su haɗu can nesa. Mai zane yakan sa ɗigo ɗaya daidai tsayin idon mai kallo, ya ja duk layukan da suka nufi ciki su haɗu a kansa, sa'an nan ya rage girman kowane abu bisa lissafin nisansa. Leon Battista Alberti ya rubuta wannan ƙa'ida a 1435, daga nan ta zama karatun farko na kowane almajirin zane a Turai.

A arewa kuma, a ƙasar Flanders, Jan van Eyck ya ƙware wajen dama launi da mai maimakon gwaiduwar ƙwai, kuma da yake mai ba ya saurin bushewa, sai ya sami damar ɗora shafi a kan shafi har fata ta yi kama da fata. A hoton attajiri Arnolfini da ya yi a 1434 akwai wani ɗan madubi a bangon ɗaki, a cikinsa ana hango bayan mutum biyun da aka zana da wasu da ke shigowa ta ƙofa. Shuɗin da ya fi daraja kuwa daga dutsen lazawardi na Badakhshan a Afganistan ake niƙa shi, tsadarsa ta sa akan ambace shi a yarjejeniyar aiki. Can a Italiya kuwa, Leonardo da Vinci ya feɗe gawarwaki don ya san kwanciyar jijiyoyi, Michelangelo ya yi daga 1508 zuwa 1512 yana zana rufin cocin Sistine a Rum, sa'an nan a Holan, inda 'yan Furotesta suka fitar da hotuna daga majami'unsu, irin su Rembrandt suka koma zanen 'yan kasuwa, domin su ne masu biya.

Ana nan sai 1839, aka bayyana na'urar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faris, abin da almajiri ke shafe shekaru yana koyo sai ga akwati yana yinsa cikin mintoci. Masu zane ba su mutu ba, amma dole suka nemi abin da akwatin bai iya ba. Claude Monet da abokansa suka fita fili suna bin sauyawar haske a kan ruwa, suka baje aikinsu a 1874, a ɗakin wani mai ɗaukar hoto kuwa, masu sharhi suka yi musu ba'a cewa ba su ƙarasa aikin ba. A 1907 Pablo Picasso, wanda ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka a gidan tarihin Trocadéro, ya zana mata biyar, fuskokin biyu daga cikinsu a kakkarye kamar na dodannin katako, ya watsar da ɗigon Brunelleschi ɗungurungum. Henri Matisse ya je baje kolin fasahar Musulunci a Munich a 1910, ya ƙara nutsewa cikin ado da launi zalla, har a 1915 Kazimir Malevich na Rasha ya nuna baƙin murabba'i a kan farin ƙyalle ya ce zane ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda littattafai ke ambaton Picasso da girmamawa, alhali masassaƙan da ya koya daga aikinsu ba a damu da rubuta sunayensu ba, kayan ma da yawa mulkin mallaka ne ya kwashe su.

Wannan tarihi ya iso ƙasarmu ta hanyar makaranta. A kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, malamai 'yan Ingila sun koyar da zane bisa tsarin Turai, sai a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya suka ce za su riƙe fasahar da aka koya musu, amma siffofi da adon da za su zana daga gidajen iyayensu za su ɗebo su.