Wa Ke Sace Barcin Malama?

Ga wata ka-cici-ka-cici daga Jalingo. Malamar firamare ce, mazauniyar unguwar Magami, ba ta taɓa makara ba, 'yan ajinta kuma sun fi kowa iya karatu. Amma da ƙarfe 11 ta yi, sai alli ya fara sulalewa daga hannunta, kai ya rinjaya. Gyangyaɗi, a tsaye! Har hedimasta ya miƙa mata takardar gargaɗi. To, wa ke sace mata barcin dare?

Sauro na fara zargi, kuma duk wanda ya san bakin kogin Mayo Gwoi da damina ba zai ga laifina ba. Aka gwada jini, babu zazzaɓi. Mata abokan aikinta suka shiga ƙus-ƙus, wai ko an samu ƙaruwa ne. Watanni suka shuɗe, shiru. Wani ya ce zafin bazara ne, alhali da hunturu ma haka take. Maigidanta kuwa cewa ya yi, "Waya ce kawai. Wace wahala take sha? Kafin la'asar fa tana gida." Na ga wayar. Ƙarama ce mai tocila, ko intanet babu. Saura wa?

Sai na koma kan ƙananan alamu. Mayafinta na ƙaurin hayaƙi. Tafin hannunta duk kanta. In za ta miƙe, sai ta dafa ƙugu. Wata maƙwabciya kuma ta tsegunta mini cewa kullum gari na wayewa randunan gidan a cike suke. Famfonsu ya daɗe da ƙafewa. 'Yan garuwa ba su fito ba tukuna. Wa ya cika su?

Ita ce.

Ƙarfe 4 take tashi ta kama layi a rijiyar burtsatse. Jarka mai lita 25 nauyin kilo 25 ce, kuma ba sawu ɗaya ba ne. Ta hura itace, ta dama koko, ta yi wa yara wanka, ta juya surukarta da ke kwance, ta wanke mata shimfiɗa tana lallashi, "Sannu Inna, saura kaɗan." A makaranta ma ita ke wanke yaron da ya ɓata wandonsa, ita ke riƙe littafin adashi, ita ke girki ranar walimar yaye ɗalibai, don an ce mata sun fi iyawa. Babu ko ɗaya a takardar ƙarin girma. Da dare tuwo, wanki, sannan makin jarrabawa har sha ɗaya ta gota. Ɓarawon dai a gaban kowa yake sata, ba a ganinsa ne saboda ba a kiransa aiki.

Tun da Jalingo ta zama babban birnin Taraba a 1991 unguwanni ke ta faɗaɗa, bututun ruwa bai cim musu ba, giɓin kuma a kan wuyan mata ya sauka. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna kashi 76 cikin 100 na lokacin da ake kashewa a duniya a hidimar gida da jinya ba tare da lada ba, mata ne ke ba da shi.

Ni a ganina zalunci ne a hukunta mutum kan gajiyar da kowa ke cin moriyarta. Maigida, gobe ka riga ta tashi, ka ɗauki jarkar nan, ka tayar da samarin gidan su bi ka. Ranka ya daɗe hedimasta, kafin ka sa hannu a wata takardar gargaɗin, tambayi Malama ƙarfe nawa ta kwanta.