Gamin Sanholo: Tsarin Cikinsa, Halayensa da Amfaninsa a Masana'antu

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun daɗe da sanin gami, domin a wurin maƙeran fari azurfa mai gami daban take da tsantsarta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda gami yake mayar da sanholo, wanda wasu ke kira goran ruwa, ya zama ƙarfen ƙera jirgin sama, tare da gwada ko kalmomin maƙera za su ɗauki wannan bayani.

2.0 Halayen Sanholo

Nauyin sanholo kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne: inda curin baƙin ƙarfe ya kai giram 7.8, na sanholo mai girma ɗaya giram 2.7 ne. Yana narkewa a zafin digiri 660 na ma'aunin Salshiyos. Aibinsa shi ne laushi, don tsantsarsa ba ya jure nauyi.

3.0 Tsarin Ciki

Idan aka goge ƙarfe aka duba shi da madubin ƙara girma, za a ga tarin ƙananan tsaba ne manne da juna. A cikin kowace tsaba, ƙwayoyin zarra suna jere sahu-sahu. Lanƙwasar ƙarfe tana faruwa ne sa'ad da wani sahu ya zame a kan wani. Saboda haka, duk abin da ya tokare wannan zamewa ya ƙara masa ƙarfi.

A shekarar 1906, Alfred Wilm na ƙasar Jamus ya gama sanholo da jan ƙarfe kimanin kashi 4 cikin ɗari da ɗan maganiziyam, ya gasa shi zuwa wajen digiri 500, ya tsoma a ruwa. Bayan 'yan kwanaki sai ya tarar taurinsa ya ƙaru. Wannan gami shi ne Duralumin. A 1938 Guinier da Preston suka nuna dalili: tsomi yana tsare ƙwayoyin jan ƙarfe warwatse cikin sanholo, daga baya su riƙa taruwa gungu-gungu, gungun nan kuwa su ne turakun da ke hana sahu zamewa. Amma idan zafi ya yi yawa, gungun sukan yi girma su yi nisa da juna, ƙarfin ya ragu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake haɗa jikin jirgi da ƙusoshin dannawa maimakon walda.

4.0 Amfani

Gami mai jan ƙarfe ya shahara a ƙirar jiragen sama. Mai silikon kuwa, idan silikon ya kai wajen kashi 12 cikin ɗari, yana narkewa a digiri 577, ya malala ya cika zubi sarai, shi ya sa ake yin fistan mota da shi. Irinsa ne masu zubin tukwane a ƙasar Hausa suke samu idan suka narka tsoffin kayan inji.

5.0 Kammalawa

An ga cewa gami, tsaba, sahu, tsomi da zubi sun ɗauki mafi yawan bayanin, an yi aro ne kawai a sunayen sinadarai. Ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya su fara ziyartar maƙera kafin su nemi aro.