Salem, 1692: Kotun da ta karɓi shaidar kurwa

A farkon shekarar 1692, lokacin yankin Masacusets na Amurka yana hannun Turawan Ingila, wani ciwo ya kama 'yan mata biyu a gidan Samuel Parris, limamin cocin ƙauyen Salem. Sai su faɗi, su sandare, su yi ta kururuwa. 'Yarsa Betty shekararta 9, Abigail Williams kuma 11. Likita ya duba, ya rasa gane kan ciwon, sai ya ce da hannu a ciki. Manya suka tasa yaran a gaba da tambaya guda: wa ya kama ku?

Marasa gata aka fara kira. Tituba, baiwar gidan. Sarah Good, mai bara ƙofa-ƙofa. Sarah Osborne, majinyaciyar da ta daɗe ba ta leƙa coci ba. Da ma garin a dagule yake da rigimar gonaki da tsohuwar gaba tsakanin manyan gidaje, ga fargabar yaƙi da 'yan asalin ƙasar. Kafin ƙura ta lafa, an jefi mutum fiye da 200 da maita, har da 'yar Sarah Good mai shekara 4, wadda aka kulle a kurkuku.

A watan Mayu gwamna William Phips ya kafa kotu ta musamman, kuma a nan ɓarnar take. Kotun ta yarda yarinya ta rantse cewa kurwar wance ta zo mata cikin dare ta shaƙe ta, a rubuta wannan a matsayin hujja, alhali ba wanda ya gani sai ita. To, da me mutum zai kare kansa? Ko ya kawo shaidun cewa a ɗakinsa ya kwana, sai a ce ai gangar jikin ce a ɗaki. Wanda ya taɓa ganin an yi wa tsohuwa taron dangi a unguwa, don mai zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin sambatu, an ce lallai sai ta tsallake shi, ya san irin wannan shari'a. Ta Salem ta fi muni ne domin alƙalai masu karatu suka sa mata hannu.

Wanda ya amsa laifi ya kuma tsaya a kan amsawarsa, ba a rataye shi ba. Sai dai ya lissafa wasu sunaye. Masu cewa ba su san komai ba su ne igiya ta ci. Rebecca Nurse, dattijuwa mai shekara 71 da maƙwabta suka yi wa shaidar kirki a rubuce, da farko an wanke ta. Babban alƙali William Stoughton ya sa aka sake zama, aka juya hukuncin. Daga Bridget Bishop, wadda aka fara ratayewa a ranar 10 ga Yuni, zuwa 22 ga Satumba, an rataye mutum 19, mata 14 da maza 5. Tsoho Giles Corey ya ƙi miƙa wuya ga kotun, aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har rai ya yi halinsa.

Sai da zargin ya fara taɓa manyan mutane, malamin coci Increase Mather kuma ya soki dogaro da shaidar kurwa, sannan gwamna ya rushe kotun a watan Oktoba. A 1697 ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a coci aka karanta takardar tubarsa a gaban jama'a. Ina ganin girmansa a kan haka, domin Stoughton har ya mutu bai nemi gafarar kowa ba. A 1711 aka biya wasu iyalai diyya, amma an tsallake sunan Elizabeth Johnson ƙarama, wadda aka yanke wa hukuncin kisa ba a zartar ba. Sai a 2022 majalisar jihar Masacusets ta wanke ta, bayan wata malama da ɗalibanta sun bi kadin maganar.